Na Wanke Muryar Mahaifiyarta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin labarina. Wanda ya saba zuwa, sannu da ƙoƙari. Wanda yau ya fara leƙowa, matso kusa, ba a yi nisa ba.

Sunana Sha'aban. Manomi ne ni a Unguwar Dinya, wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono, inda gonar wani take ƙarewa a gindin katangar wani. Ranar Laraba, ranar kasuwarmu, ina zama a rumfar kara da farantin sola da tsohuwar kwamfuta, ina cajin waya, ina tura wa mutane waƙa da wa'azi a memori. Wadda nake so kuwa Rahmatu ce, 'yar Malam Abdussalam, tana karatun koyarwa a Bici. Mahaifiyarta, Inna Hure, ta rasu shekara huɗu ke nan. Mahaifinta bai kore ni ba, bai kuma ce in turo magabata ba. Abin da ya ce wa kawuna kawai shi ne, "Tura waƙa ba sana'a ba ce, yaron ya dakata tukuna." Ni kuwa na dakata, amma ban daina ginin ɗakina ba. An yi rufi, an sa ƙofa, saura ƙasan kawai, buhunan siminti suna jingine a lungu.

Abin da zan faɗa muku yau, na daɗe ina juya shi kafin in rubuta. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Wata ranar Laraba ce cikin damina, gero ya kai ƙugu. Ina sunkuye ina jera wayoyi sai na ji ƙamshin turaren da na sani. Na ɗago. Tana tsaye cikin atamfa ruwan ganye mai zanen ƙananan fitilu, da mayafi ruwan ƙasa, lallen hannunta ya fara kwanciya. Wallahi duk maganar da na tanada tun farkon hutunsu sai ta gudu.

"Injiniya, barka da kasuwa."

"Malama, barka kadai. Yau ɗaliban sun bar ki kin fito?"

"Ɗaliban suna hutu. Wayata ce ta yi yaji." Ta miƙo min. "Duba. Tun ranar da na sauka daga mota take wannan juyin."

Na duba. Wani ɗan zobe ne yake ta zagaye a tsakiyar fuskar wayar, ba ya gaba ba ya baya. Manhajar sauraron waƙa ce, wadda suke amfani da ita a makaranta. Ka rubuta sunan waƙa, ta fito daga can inda take, ka ji, ba tare da ta zauna a wayarka ba. Watannin baya da wannan manhajar ta dinga tsokanata. Takan ce, "Injiniya, ka fara neman wata sana'ar, memori ya zama tarihi. Duk waƙar duniya tana cikin nan."

Sai na gyara zama, na yi fuskar tausayi.

"Ashe duk waƙar duniya ba ta san hanyar Unguwar Dinya ba?"

"Kar ka fara."

"Ni ban ce komai ba. Ki hau Tudun Maƙera, can ne sabis yake kwana. Ki ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho, wataƙila ta fito."

Wani dattijo da ke jiran cajinsa ya sa baki, ya ce, "'Yata, rabu da wannan abin. Ni ina cikin kunya ina noma, waya tana aljihu tana yi min kiɗa tun safe har azahar. Wa zai tsaya jiran sabis da fartanya a hannu? Kuma ni ko sunan waƙar ban iya rubutawa ba. Zuwa nake in ce Sha'aban sa min irin ta wancan makon mai kalangu, ya gane."

Rahmatu ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta zuge ƙaramar jakarta, ta ciro wani memori da aka naɗe a takardar alawa, da wata takarda da ta jera sunayen waƙoƙi da rubutunta mai kyau.

"Na sallama. Ka zuba min waɗannan. Yanzu za mu wuce Shanono suna a gidan Gwaggo, sai Litinin zan dawo."

"An gama, ranki ya daɗe."

To jama'a, ga inda na yi ɓarnar. A sana'armu akwai ƙa'ida. Duk memorin da aka kawo, sai ka wanke shi tas kafin ka zuba sabon abu, don yawanci da cuta suke zuwa, in ta shiga kwamfuta ta lalata maka komai. Amma kafin ka wanke sai ka tambayi mai shi, akwai abin ajiyewa? Kullum ina tambaya. Ko yaro ne ya kawo ina tambaya. Ranar nan kuwa ina can ina kallon yadda iska take wasa da mayafinta har ta shige layin masu daddawa. Da na dawo hayyacina sai na ce a raina, ai ita komai nata yana cikin manhaja, da bakinta ta faɗa. Na danna. Na wanke shi.

Kuma ban tsaya nan ba. Waƙoƙi goma sha biyu ta rubuta, ni kuwa don in burge ta na cika memorin har wuya. Duk wata waƙar soyayya da nake jin kunyar faɗa mata da baki, na zuba. Na koma gida ina murmushi ni kaɗai, har Iya, mahaifiyata, ta ce ko tsintuwa na yi.

Washegari da safe na hau Tudun Maƙera kamar yadda na saba, don saƙonni su shigo. Wayar ta yi ƙara sau uku. Duka daga gare ta ne, kuma tun jiya da hantsi ta turo su, tana cikin mota.

Na farko: "Injiniya na kira ka sau uku ba ta shiga."

Na biyu: "Don Allah kar ka wanke memorin nan. Akwai muryar Innata a ciki, waƙar da ta yi ranar daɓen ɗakin Glory. Ita kaɗai ce gare ni. Surutunka ne ya sa na manta ban faɗa maka ba."

Na uku: "Ka gani?"

Na zauna a kan dutse. Ban san lokacin da na zauna ba. Ƙasa tana jiƙe da ruwan asuba amma gumi ne yake bin bayana. Na karanta ya fi sau goma, ko rubutun zai canja. Ga alamar na karanta ta riga ta nuna mata. Sai ga wani ya shigo.

"Alhamdu lillahi ka gani. Hankalina ya kwanta."

Ku faɗa min, me zan rubuta? Na rubuta "Rahmatu" na goge. Na rubuta "Akwai magana" na goge. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "Allah ya raya jariri." Wallahi haka na tura.

Abu na farko da na yi, wauta ce, amma na yi. Na sauke manhajar nan tata a wayata, ina tsaye a kan tudu hannu a sama, data tana zuba kamar ruwa a kwando. Na rubuta "waƙar daɓe". Babu. Na rubuta "Hure Unguwar Dinya". Ta kawo min wasu mutane masu baƙin gilashi da ban taɓa gani ba. Duk waƙar duniya, in ji Rahmatu, amma ba ta san Inna Hure ba.

Na hau babur na tafi Bici wajen wanda ya koya min aiki. Ya sa memorin a na'urarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire gilashinsa.

"Da wankewa kawai ka yi, da na dawo maka da shi. Amma ka zuba wasu a kai. Wa ya ce ka cika shi haka?"

Ya bi jerin waƙoƙin da ido.

"Budurwa ce ko?"

Na gyaɗa kai.

"Allah ya ba ka haƙuri."

Da na dawo gida na kasa cin tuwo. Iya tana zaune a kan turmi da ta kifa, tana tsince zogale a faifai. Ta kalle ni sau biyu, a na uku ta ajiye faifan.

"Faɗi."

Na faɗa mata duka. Na zaci za ta yi faɗa. Sai idonta ya tafi wani wuri.

"Daɓen ɗakin Glory," in ji ta. "Ai ina wurin. Shi ne daɓe na ƙarshe da aka yi a garin nan, daga shi kowa ya koma siminti."

Wanda ya tashi a birni bai san daɓe ba, bari in gaya masa. In za a kai amarya, mata ne suke taruwa a ɗakin, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta na itace, su dinga bugun ƙasa tare har ta kwanta sumul, sannan a shafe da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yi sheƙi. Ba a yinsa shiru. Mace ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi, bugun yana bin waƙar. A garinmu Inna Hure ce mai bayarwa. Glory kuwa 'yar Buwai ce, na unguwar Kiristoci da ke bayan rafi. Mahaifiyarta da Inna Hure tare suka tashi, rijiya ɗaya suke ɗiba.

Iya ta ce, "A ranar, wata yarinya ta ɗauka a waya, aka yi ta turawa. Babu matar da ba ta samu ba. Bari in zaga."

Ta yafa mayafi. Ni ba na shiga gidajen mutane, sai dai in tsaya a ƙofa kamar mai jiran bashin gaisuwa, ita ta shiga. Juma'a da Asabar haka muka yi. Gida na farko, wayar ta faɗa rijiya. Na biyu, jika ya haɗiye memorin, ko ya yar, ba a dai gan shi ba. A gida na uku na ji matar ta ɗaga murya daga tsakar gida, don in ji da kyau.

"Waƙar Hure? Ina da ita mana! Ɗanki ne ya wanke min ita bara, ya zuba min wa'azin rabon gado!"

Gida na huɗu haka. Na biyar haka. Jama'a, gida bakwai, duk ni ne. Na tambaye su kuwa a lokacin, akwai abin ajiyewa? Su kuma suka ce babu, don ba su san cewa wankewa tana nufin har da ita ba. Ashe shekara da shekaru ina zaune a rumfa ina share muryar matar nan daga garinmu, gida gida, ban sani ba.

Da yammacin Asabar Iya ta fito daga gida na ƙarshe tana jan ƙafa. Ta ce, "Saura mutum ɗaya. Wadda ba ta taɓa kawo maka memori ba."

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na tsallaka rafi. Na sami Maman Glory a gindin ɗorawa, da farin ɗankwali da zanen mata zumunta, tana ɓarar gyaɗar shuka da ta rage. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare min kallo.

"Kai ne ɗan wanke-wanken nan na kasuwa?"

"Ni ne, Mama."

"Labari ya riga ka zuwa. Ka gama da nasu, ka biyo nawa?"

Ta sa hannu a lalitarta ta ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba, madannanta duk sun goge. Na miƙa hannu biyu. Ta janye.

"A'a. Daga nan."

"Mama, memorin kawai zan cire in kwafa, minti biyu."

"Ko Glory ba ta cire shi. Ta zo min da wayarta mai shafawa, wai in dinga jin waƙar coci a iska. Na ce mata abin da yake a iska, iska ce take tafiya da shi. Nawa yana nan a ƙuguna."

Na ce to mu tura waya zuwa waya. Muka gwada, wayarta ta ƙi ganin tawa, wannan ɓangaren ya daɗe da mutuwa. Dabara ɗaya ta rage. Ta kunna a tata, ni in kanga tawa in ɗauka.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda na yi alkawari. Niyyata a lokacin ita ce in ɗauka, in mayar cikin memorin, in miƙa wa Rahmatu ranar Litinin kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa na roƙe ta, "Mama, don Allah a yi shiru har ta ƙare."

"Na ji."

Ta danna. Da farko ƙara ce kawai, sai bugun madaɓai, dim, dim, dim, kamar zuciyar ƙasa. Sai murya ta tashi, siririya, mai ɗan kaushi a ƙarshe.

"Ku buga a sannu, ɗakin 'yata ne,
Yau na Glory, gobe na Rahmatu,
Ko ina nan, ko ba na nan,
Ƙasar da na daɓe ba ta tashi."

Maman Glory ta yi ƙoƙari, na shaida. Baiti na farko ta danne bakinta. A na biyu hannunta ya fara bugun bayan ƙwarya. A na uku ta saki murya tana amshi, hawaye yana bin kumatunta, har tana cewa, "Faɗi, Hure! Faɗi, ƙawata!" Zakaranta ma ya zo ya sa nasa. Da aka gama na ce ko za mu sake. Ta share ido da bakin zane.

"Ko sau ɗari ka sake, sai na amsa mata. Ban taɓa barinta ta yi waƙa ita kaɗai ba."

A hanyar dawowa na tsaya a bakin rafi na saurara. Muryar Inna Hure tana nan, amma ga Maman Glory a kanta, ga ƙwarya, ga zakara. Babu yadda za a yi in ce wannan ce ta cikin memori. Na ji tsoro, sannan kuma, ban san dalili ba, na ji kamar an sauke min dami daga ka.

Litinin bayan la'asar na sa shuɗiyar shaddata, na tafi. Ta fito zaure da doguwar riga baƙa da ƙaramin hijabi ruwan hoda, ta kawo min cincin ɗin suna a leda. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna a bakin ƙofa.

"Injiniya, ka rame. Kewa ce?"

"Rahmatu, na wanke memorin."

Murmushin bai tafi nan take ba. A hankali ya tafi.

"Saƙonki bai same ni ba sai da safe. Amma ba laifin sabis ba ne. Ban tambaye ki ba, kuma ya kamata in tambaya."

"Ka ce min Allah ya raya jariri."

"Na ce."

Ta juya fuska ga bango. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta kawai nake gani. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ciro wayata na ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ban samo miki irin taki ba. Ga dai abin da na samo."

Na kunna. Da bugun ya fara ta ɗago. Da muryar ta tashi ta dafe ƙirji. Da Maman Glory ta shigo da "Faɗi, ƙawata!" sai wani abu ya kuɓuce mata, rabi kuka rabi dariya. Zakaran ya yi cara ta ce, "Wannan kuma wane ne?" tana share hanci.

Ba mu lura da inuwar da ta tsaya a ƙofar zaure ba. Malam Abdussalam ne ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Na zabura zan kashe. Ya ɗaga min hannu. Haka ya tsaya, bai shigo ba bai koma ba, har waƙar ta ƙare. Rahmatu ta sulale cikin gida.

Ya jingine fartanyar. Ya daɗe yana gyaran murya.

"Ina ka samo?"

Na faɗa masa, har da ɓarnar da na yi. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro ƙaramar wayarsa mai tocila, ya miƙo min, idonsa yana kan rufin zaure.

"Sa min."

Na karɓa. Sai na tsaya.

"Baba, akwai abin ajiyewa a ciki?"

Ya kalle ni a karo na farko tun da na fara zuwa gidan.

"Yanzu ka koyi tambaya."

Ya karɓi wayarsa bayan na gama, ya shige. Rahmatu ba ta sake fitowa ba. Na jira har aka kira magariba, na naɗe musu tabarma na jingine, na tafi da ledar cincin da ban iya ci ba.

Kwana biyu ba saƙo. Kullum da safe ina kan Tudun Maƙera, hannu a sama, ba komai sai saƙon kamfani. A rana ta uku wayar ta yi ƙara. Daga ganin lokacin, ita ma tudun ta hau da sassafe kafin in zo, don ga sawun takalminta a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Har yanzu ina fushi."

Na ce a raina, kin isa.

"Na goge manhajar nan, ta cinye min wuri. In na koma Bici zan mayar, kar ka yi murna."

Sai na uku.

"Jiya na je wajen Maman Glory. Baba kuma tun shekaranjiya wayarsa tana aljihu tana yi, ya ce kawunka ya same shi ranar Juma'a bayan masallaci. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban sani ba."

Ina shirin rubuta amsa na huɗu ya shigo.

"Ɗakin nan da kake ginawa, ka zuba simintin?"

Na rubuta, "A'a, gobe mai aiki zai zo."

Ban zaci amsa za ta zo a lokacin ba. Ashe tana gangaren tudun ta ɗaya gefen, a bayan wata kuka, inda sanda ɗaya ta sabis take kaiwa. Na hango gefen mayafi ruwan ƙasa. Wayar ta motsa a hannuna.

"Ka ce masa ya fasa. Maman Glory ta ce madaɓinta yana nan."